Kakar 2023-2024 ta hokin ƙanƙara a NHL: shekarar da kofin Stanley ya sauka Florida

Kakar wasa ta 2023-2024 ita ce ta 107 tun kafuwar NHL, babbar gasar ƙwararrun ƴan hokin ƙanƙara ta Arewacin Amurka, wadda aka aza harsashinta a birnin Montreal na Kanada cikin watan Nuwamban 1917. Ƙungiyoyi 32 ne suka shiga, 25 na Amurka, 7 na Kanada. An buɗe fage ranar 10 ga Oktoban 2023, an rufe shi ranar 24 ga Yunin 2024, daren da Florida Panthers ta doke Edmonton Oilers da ci 2 da 1 a karawa ta bakwai ta zagayen ƙarshe, ta ɗauki kofin Stanley karo na farko tun da aka kafa ta a 1993. A agogon Nijar wajen ƙarfe ɗaya na dare aka soma wasan, a kwanakin da hankalin manoman Dakoro da Kornaka ke kan ruwan shuka.

Kaka ce da ɗaiɗaikun gwanaye suka yi abin da aka shekara kusan 30 ba a gani ba. Mutum biyu kowannensu ya taimaka an ci ƙwallo 100, wani kuma ya jefa 69 shi kaɗai. Amma ba wanda ya taɓa kofin a cikinsu. Ƙungiyar da ta tafi da shi ta fi yin suna wajen hana a ci ta, kuma cikin ƴan wasanta har da wani ɗan shekara 36 wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, da ya ajiye kaftin a wata ƙungiya ya zo ya tsaya sahun baya don ya samu wannan rana.

Yadda wasan yake

A Dakoro ƙanƙara abin saye ce a leda lokacin bazara, ko kuma wadda ke zubowa da ruwan sama ta kwantar da hatsi. A Kanada kuwa tafkuna da koguna kan daskare wata da watanni har yara su yi wasa a kansu, kuma daga nan hoki ya taso. Yau cikin rufaffen zaure ake yin sa, na'urori na daskarar da ruwa a daɓe ko da waje ana zafi. Shi ya sa gari irin Sunrise na jahar Florida, inda ba a san sanyin kirki ba, yake da ƙungiya.

Tsawon filin mita 61, faɗinsa 26, an kewaye shi da katanga mai gilashi a sama. Ƴan wasa na sa takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, da su suke sulɓi, kowa riƙe da sanda mai lanƙwasa a baki. Wanda ya taɓa ganin yara na korar ƙwallon goriba da karkatacciyar sanda ya riga ya fahimci rabin wasan. Sai dai abin da ake kora a nan faifai ne na baƙar roba mai tauri, faɗinsa santimita 7 da rabi, kaurinsa 2 da rabi, ana daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Bugu mai ƙarfi na iya tura shi fiye da kilomita 150 a awa. In ya shiga raga an ci ƙwallo ke nan.

Kowane ɓangare mutum shida ne a fili har da mai tsaron gida, amma 20 ke sa riga, domin gudun ba ya barin kowa ya jima. Ɗan wasa kan yi ƙasa da minti ɗaya ya fita wani ya shigo, ba tare da an tsayar da wasa ba. Ana yin zubi uku na minti 20, kuma agogo na tsayawa duk lokacin da alƙali ya hura usur. An yarda a bangaje mai riƙe da faifai da kafaɗa ko da ƙugu, har a haɗa shi da katanga. Wanda ya yi laifi ba kati ake ɗaga masa ba, benci ake tura shi ya zauna minti biyu, ƴan uwansa su ci gaba da mutum ɗaya a rage. In biyu suka jefar da safar hannu suka dambace, minti biyar-biyar ne.

Akwai lissafi biyu da bai kamata a gauraya ba. Ƙungiya na tara maki a teburi. Ɗan wasa shi ma yana da makinsa: ɗaya in ya ci, ɗaya in yana cikin mutum biyu na ƙarshe da suka miƙa faifan kafin a ci, abin da ake kira taimako.

Tsarin gasa da maganar kuɗi

An raba ƙungiyoyin gida biyu, gabas da yamma, kowane gida rukuni biyu na ƙungiya takwas-takwas. A zagayen tara maki na wannan kaka kowace ƙungiya ta yi wasa 82, rabi a gida rabi a waje, jimilla wasa 1,312. Nasara maki biyu ce. Ba a tashi canjaras: in lokaci ya cika ana kunnen doki sai a ƙara minti biyar, mutum uku da uku, in ba a rabu ba a je bugun daga kai sai mai tsaron gida, wanda aka kayar a nan ya tsira da maki ɗaya.

Ƙungiyoyi 16 ke wucewa zagayen fidda gwani. Matakai huɗu ne, kuma a kowane mataki ƙungiya biyu na ta karawa har sai ɗaya ta ci wasa huɗu, ko da za a kai bakwai. A gasar takobi ta kokowar Nijar faɗuwa ɗaya ke raba ɗan kokowa da takobi. A nan ana iya faɗuwa sau uku a tashi, kuma wannan doka ce ta ba zagayen ƙarshe na 2024 armashinsa.

Ba a korar ta ƙarshe zuwa ƙaramin rukuni kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Lada ma ake ba ta: ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ke da babban rabo a ƙuri'ar da ke fidda wanda zai fara zaɓe cikin matasan shekara. Ta haka Chicago Blackhawks ta samu Connor Bedard, ɗan shekara 18, wanda ya tara maki 61 a wasa 68 duk da karayar muƙamuƙi da ta kwantar da shi a watan Janairu, ya kuma ɗauki kyautar Calder ta sabon shiga mafi ƙwazo. Chicago dai ta ƙare ta biyun ƙarshe. San Jose Sharks ce kurar baya da maki 47. Ta sha kashi a wasanninta 11 na farko, har aka zuba mata goma-goma a wasa biyu jere.

Sannan akwai iyakar albashi. A wannan kaka ba ƙungiyar da aka yarda jimillar albashin ƴan wasanta ta wuce dala miliyan 83.5, wajen miliyar 50 na sefa. Mafi ƙarancin albashin ɗan wasa a lokacin dala 775,000 ne a shekara. Nathan MacKinnon na Colorado ya ci miliyan 12.6 daga kason ƙungiyarsa, Connor McDavid na Edmonton miliyan 12.5. Dokar na hana mai kuɗi ya kwashe gwanaye duka, tana kuma tilasta wa kowace ƙungiya zaɓi: ko a zuba kuɗin kan taurari biyu-uku, ko a baza shi kan sahu huɗu masu ƙarfi.

Shekarar gwanaye

Nikita Kucherov, ɗan Rasha mai buga wa Tampa Bay Lightning, shi ya fi kowa maki da 144, ƙwallo 44 da taimako 100. MacKinnon na biye da 140, McDavid da 132, sai Artemi Panarin na New York Rangers da 120 da David Pastrnak na Boston Bruins da 110. Kafin wannan kaka mutum uku kacal suka taɓa kai taimako 100 a tarihin gasar, Bobby Orr da Wayne Gretzky da Mario Lemieux, kuma rabon da a ga haka tun kakar 1990-1991. Sai ga McDavid ya kai ranar 15 ga Afrilu, Kucherov ya bi shi bayan kwana biyu.

Auston Matthews na Toronto Maple Leafs ya ci ƙwallo 69, adadin da ba a gani ba tun Lemieux a 1995-1996. Ya shiga wasanni biyu na ƙarshe yana neman ta 70, ya yi ta bugu, raga ta ƙi. Sam Reinhart na Florida ya ci 57, Zach Hyman na Edmonton 54. Da aka zo rabon kyaututtuka, MacKinnon ya ɗauki Hart ta ɗan wasa mafi amfani ga ƙungiyarsa, Connor Hellebuyck na Winnipeg Jets ya ɗauki Vezina ta masu tsaron gida, Quinn Hughes na Vancouver Canucks ya ɗauki Norris ta ƴan baya.

Tsofaffi ma ba su zauna ba. Alexander Ovechkin na Washington ya ƙare kakar da ƙwallo 853 a tsawon rayuwar wasansa, saura 41 ya kamo Gretzky. Marc-André Fleury ya wuce Patrick Roy a watan Janairu, ya zama na biyu a yawan nasarori cikin masu tsaron gida. Abin lura, tun 2022 hukumar hoki ta duniya ta dakatar da Rasha daga gasanninta saboda yaƙin Yukren, amma NHL ba ta hana ƴan Rasha wasa ba, kuma mai yawan maki da mai tsaron gidan da ya ci kofi a wannan kaka duk ƴan Rasha ne.

A teburi Rangers ce ta zo ta ɗaya da maki 114, Dallas Stars na biye da 113. Zuwa na ɗaya a nan abin alfahari ne da ba ya cika kai mutum ko'ina: rabon da wadda ta jagoranci teburi ta ɗauki kofin Stanley tun Chicago a 2013.

An kuma kai wasan yawo. An yi wasannin share fage biyu a Melbourne ta Ostireliya a watan Satumba, an yi wasa huɗu na gasa a Stockholm ta Suwidin a Nuwamba, an yi wasu a sararin Allah a Edmonton da Seattle da New Jersey, inda mutum fiye da 79,000 suka kalli Rangers da Islanders cikin sanyin Fabrairu.

Wani abu da ya faru a wajen gasar ya girgiza ta. Ranar 28 ga Oktoban 2023 Adam Johnson, tsohon ɗan wasan Pittsburgh Penguins mai shekara 29, ya rasu a Ingila bayan ƙarfen takalmin wani ɗan wasa ya yanke shi a wuya a tsakiyar wasa a Sheffield. Hukumar duniya ta wajabta sa abin kare wuya a gasanninta. NHL ta bar wa kowa zaɓinsa a wannan kaka, wasu suka fara sawa don kansu.

Ƙungiyar da ta tashi gari

Wannan ce kakar ƙarshe ta Arizona Coyotes. Shekara biyu ke nan tana aron zauren wata jami'a mai cin mutum 4,600 kawai, alhali zaurukan sauran ƙungiyoyi na cin daga 15,000 zuwa sama da 20,000. A watan Mayun 2023 mazauna garin Tempe suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi shirin gina mata sabo. Ranar 17 ga Afrilun 2024 ta yi wasanta na ƙarshe, ta ci Edmonton 5 da 2, washegari aka amince da cinikin dala miliyar 1.2 da ya miƙa ƴan wasanta ga attajiri Ryan Smith, aka kwashe su zuwa Salt Lake City ta jahar Utah. Magoya baya ba su da ta cewa. Ita ma Arizona ta haka ta samu ƙungiyar a 1996, lokacin da aka ɗauke ta daga Winnipeg.

Hanyoyi biyu zuwa zagayen ƙarshe

Edmonton birni ne na yammacin Kanada, a lardin Alberta mai arzikin man fetur, kuma daga man ne sunan Oilers ya fito. Ta ci kofi biyar tsakanin 1984 da 1990, huɗu daga ciki tare da Gretzky, daga nan ruwa ya ɗauke. Ta shiga wannan kaka da McDavid, wanda kusan kowa ya yarda shi ne gwanin zamaninsa, da Bajamushe Leon Draisaitl. Sai ta soma da tuntuɓe: nasara biyu kacal a wasa 12 na farko. Ranar 12 ga Nuwamba aka sallami mai horarwa Jay Woodcroft, aka ɗauko Kris Knoblauch, wanda ya horar da McDavid tun yana matashi. Daga ƙarshen Disamba zuwa ƙarshen Janairu Edmonton ta ci wasa 16 jere, saura ɗaya ta kamo tarihin da Pittsburgh ta kafa a 1993, kafin Vegas ta tare ta. Ta ƙare da maki 104.

Labarin Florida ya faro ne daga wani kashi da ta sha. A kakar 2021-2022 ita ta fi kowa maki da yawan ƙwallaye, amma maƙwabciyarta Tampa Bay ta share ta wasa huɗu ba ko ɗaya a mataki na biyu. Manajanta Bill Zito ya ga cewa wasan ƙawa ba ya kai mutum watan Yuni. Ya ba da Jonathan Huberdeau, wanda ya fi kowa maki a ƙungiyar, ya karɓo Matthew Tkachuk daga Calgary, ɗan wasa mai ci kuma mai tsokana. Ya ɗauko Paul Maurice a matsayin mai horarwa, mutumin da ya ajiye aiki a Winnipeg a ƙarshen 2021. Salon ya koma na matsi: a tura faifai bayan ragar abokan hamayya, a bi shi da gudu da bangaza, a hana su fita da shi. A 2023 suka kai zagayen ƙarshe, Vegas ta ci su 4 da 1, Tkachuk da karyayyen ƙashin ƙirji. A wannan kaka suka tara maki 110, aka ci su ƙwallo 200 kawai. Winnipeg kaɗai ta fi su tsaro, da ƙwallo ɗaya. Kyautar da ta zo gidansu ita ce Selke, ta ɗan gaba mafi iya tsaro, wadda kaftin ɗinsu ɗan ƙasar Finlan, Aleksander Barkov, ya ɗauka.

An soma fidda gwani ranar 20 ga Afrilu. Florida ta fitar da Tampa Bay 4 da 1, Boston 4 da 2, Rangers 4 da 2. Wato ta bi ta kan Kucherov, ta bi ta kan Pastrnak, ta bi ta kan Panarin, saura McDavid: huɗu daga cikin mutum biyar da suka fi maki a kakar. Matthews tun mataki na farko ya koma gida, Boston ta fitar da Toronto a karawa ta bakwai, rabon Toronto da kofi kuwa tun 1967. MacKinnon ya tsaya a mataki na biyu a hannun Dallas, wadda ta riga ta fitar da Vegas mai riƙe da kofi.

Edmonton ta ci Los Angeles Kings 4 da 1, ta sha da ƙyar a hannun Vancouver 4 da 3, inda har ta zaunar da mai tsaron gidanta Stuart Skinner wasa biyu, sannan ta fitar da Dallas 4 da 2. A wasa na shida da Dallas sau goma kawai ta buga wa raga, ta ci 2 da 1.

Karawa bakwai

Tsakanin Edmonton da Sunrise ya wuce kilomita 4,000, kusan ninki uku na hanyar Yamai zuwa Diffa, kuma ba a taɓa yin zagayen ƙarshe tsakanin garuruwa masu nisa haka ba. Ga Kanada maganar ta wuce ta gari ɗaya. Ƙasar da ta haifi wasan, wadda gwamnanta Lord Stanley ya ba da kofin a 1892, rabonta da shi tun nasarar Montreal Canadiens a 1993, shekarar da aka kafa Panthers.

Florida ta ci wasan farko ranar 8 ga Yuni 3 da nema, Sergei Bobrovsky ya tare bugu 32 duka. Ta ci na biyu 4 da 1, ta je Edmonton ta ci na uku 4 da 3. Saura ɗaya. A tarihin zagayen ƙarshe ƙungiya ɗaya tak ta taɓa tashi daga wannan rami ta ɗauki kofi, Toronto a 1942.

Sai al'amari ya juye, a daidai kwanakin Babbar Salla. Ranar 15 ga Yuni Edmonton ta zuba wa Florida 8 da 1, har aka fitar da Bobrovsky bayan ƙwallo biyar. Ranar 18 ta bi ta gida ta ci 5 da 3. A waɗannan wasanni biyu McDavid ya tara maki takwas, huɗu-huɗu. Ranar 21 a Edmonton aka tashi 5 da 1, bayan an soke wata ƙwallon Barkov saboda satar gida da aka gani a bidiyo. Ƙwallo 18 cikin wasa uku a ragar ƙungiyar da ta yi suna da tsaro. Tun 1945 ba a ga wadda aka yi wa 3 da nema ta ja zagayen ƙarshe zuwa wasa na bakwai ba, kuma Florida ta tsaya gab da abin kunyar da za a shekara ana ba da labarinsa.

A wasa na bakwai ta koma salonta. Carter Verhaeghe ya karkatar da faifai cikin raga a minti na biyar, Mattias Janmark ya rama bayan minti biyu. A zubi na biyu faifai ya yi ta yawo a bakin ragar Florida, ɗan baya Dmitry Kulikov ya share shi yana faɗuwa, Florida ta kwasa da gudu, Reinhart ya buga daga dama ya wuce Skinner. Ba a sake ci ba. A zubi na uku Knoblauch ya bar McDavid da Draisaitl a fili kusan ba hutu, suka yi ta turmutsutsu a gaban Bobrovsky har ƙarfinsu ya ƙare. McDavid bai samu maki ko ɗaya ba a wasa na shida da na bakwai.

Duk da haka shi aka ba kyautar Conn Smythe ta gwanin zagayen fidda gwani, da maki 42, ciki har da taimako 34 da ya karya tarihin 31 na Gretzky. Shi ne na shida da ya samu kyautar daga ɓangaren da aka kayar. Bai fito karɓa ba, ya zauna cikin ɗakin sauya kaya tare da ƴan uwansa.

Barkov ya zama ɗan Finlan na farko da ya ɗaga kofin a matsayin kaftin, ya miƙa wa Bobrovsky. Maurice ya jagoranci wasa fiye da 1,800 a zagayen tara maki kafin wannan dare. Ƴan kallo suka yi ta jefa ɓerayen roba cikin fili, al'adar da ta samo asali a 1995, ranar da Scott Mellanby ya kashe ɓera da sandarsa a ɗakin sauya kaya, ya fita ya ci ƙwallo biyu da ita. Kofin kansa na azurfa ne da wani ƙarfe, tsayinsa kusan santimita 90, nauyinsa kilo 15 da rabi. Ba a ƙera sabo kowace shekara. Sunayen waɗanda suka ci ake zanawa a jikinsa, kuma kowane ɗan wasa na da kwana guda da zai kai shi garinsu.

Daga Zariya zuwa Sunrise

Cikin waɗanda aka fara miƙa wa kofin a daren akwai Kyle Okposo. An haife shi a jahar Minnesota a 1988, mahaifinsa ɗan Najeriya ne. New York Islanders ta zaɓe shi na bakwai a 2006, ya koma Buffalo Sabres a 2016. A 2017 buguwar kai ta kai shi ɗakin kulawa ta musamman a asibiti, ya warke ya dawo, har ya zama kaftin a 2022. Sai dai Buffalo ƙungiya ce da a lokacin ta shekara 13 jere ba ta ga zagayen fidda gwani ba. Ranar 8 ga Maris na 2024, ranar rufe kasuwar musayar ƴan wasa, aka miƙa shi ga Florida. Can ba kaftin ba ne, ɗan sahu na huɗu ne, wani wasan a sa shi wani a bar shi a benci. Maurice ya mai da shi fili a wasa na bakwai. A watan Satumba ya yi ritaya, bayan wasa 1,051 a zagayen tara maki.

Ba shi ne farkon mai jinin Najeriya a gasar ba. Ɗan wasa na farko haifaffen Najeriya da ya taka ƙanƙarar NHL a Zariya aka haife shi, a 1975. Sunansa Rumun Ndur, ya tashi a lardin Ontario na Kanada, Buffalo ta zaɓe shi a 1994, ya yi wasa 69 a matsayin ɗan baya tsakanin Buffalo da Rangers da Atlanta Thrashers. Akim Aliu, haifaffen Okene a jahar Kogi, wasanni kaɗan ya yi wa Calgary Flames, amma a 2019 ya fito ya faɗi kalaman wariyar launi da wani mai horarwa, Bill Peters, ya taɓa jifansa da su, lamarin da ya sa Peters ya ajiye aikinsa a Calgary. Har yau baƙaƙen fata ƴan tsiraru ne a gasar, shekara fiye da 60 bayan Willie O'Ree ya buɗe ƙofa a Boston a 1958, kuma tsadar kaya da kuɗin fili na cikin abubuwan da ke tare ƴaƴan talakawa tun daga tushe. Musulmi ma ba su da yawa. Nazem Kadri, mai asalin Labanan, wanda ya kai kofin masallacin garinsu London ta Ontario bayan ya ci shi da Colorado a 2022, shi ya fi kowa maki a Calgary a wannan kaka, da 75.

Mafi shahara cikin masu jinin Najeriya shi ne Jarome Iginla, haifaffen Edmonton, wanda ya ci ƙwallo 625 amma bai taɓa ɗaga kofin ba. A 2004 ya kai Calgary wasa na bakwai na zagayen ƙarshe, aka ci su 2 da 1, a jahar Florida su ma, a hannun Tampa Bay. Kwana huɗu bayan nasarar Panthers, ranar 28 ga Yunin 2024, aka yi zaɓen matasa a Las Vegas. San Jose ta ɗauki Macklin Celebrini na ɗaya, sabuwar ƙungiyar Utah kuma ta yi zaɓenta na farko a tarihi a lamba ta shida, ta ɗauki Tij Iginla, ɗan Jarome.

A kakar da ta biyo baya Ovechkin ya ci ƙwallonsa ta 895 ranar 6 ga Afrilun 2025, ya wuce Gretzky. A watan Yuni Florida da Edmonton suka sake haɗuwa a zagayen ƙarshe, Florida ta sake ci, 4 da 2.